Jan Ƙyallen Manasse

Potiskum, Alhamis 26 ga Satumba, 1985

Takarda ta fito daga hannun ubangidanki Garzali zuwa ga baiwata Lauratu tela, unguwar Hausari, Yerwa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Goggo Inno. Ki ce wa Goggo ɗan wanta bai mutu ba tukuna, ta huta da jan carbi a kaina, ta ji da ciwon bayanta. Ni lafiyata lau, in ban da mazaunaina, da suka koma kamar ranar da Malam ya kama ni na zuba masa toka a tawada.

Bayan haka, ke ce kika ce ba za mu wuce Benisheik ba sai an kwaso mu a bayan akori-kura. To ga mu a Potiskum, babur goma sha bakwai, ba wanda aka tura. Gobe Bauchi, jibi Jos. Can masu babura na Arewa kaf za su haɗu, kwana huɗu ana taro, ran Talata a yi jerin gwano a tsakiyar gari. An ce har da wani mutumin Kaduna mai tsallake durom shida da babur. In na gan shi zan kwatanta masa gidanki, ki ɗinka masa riga mai wuya kamar bakin tulu irin wadda kika yi mini da Sallah, ko ya rage girman kai.

Bari in gaya miki yadda manya ke tafiya, tunda ke iyakarki Kasuwar Litinin. Oga Dzarma ne a gaba, tsohon akawun nan mai gilashi, shugaban ƙungiyarmu, da usur a wuya kamar alƙalin ƙwallo. Manasse bakanike yana can baya da jakar sifanu. Dokarsa ita ce ba ya wuce kowa. In tayarka ta yi faci ko sarƙarka ta zube, shi zai tsaya ya gyara, sannan ya saka ka gaba kamar makiyayi da gurguwar tunkiya. A bayan babur ɗinsa an kafa sanda an ɗaura mata jan ƙyalle. In mun shiga gari watsewa muke yi, wannan gidan mai, wancan wajen mai shayi, wani masallaci, don haka Oga ba ya wahalar ƙirga mu. Tsayawa yake a bakin titi ya zuba ido. Da zarar ya hango jan ƙyalle ya shigo, ya san ba a bar kowa a daji ba, sai ya busa usur mu tashi. Ya ce shekara tara suna haka ba su taɓa yar da mutum ba.

Ruwa ya ba mu kashi bayan Ngamdu, muka fake a wata rumfar masu gasa masara, mu da awakin ƙauyen. Hanya kuwa duk ramuka, ruwa ya cika su, ba ka sanin mai zurfi sai ka shiga. Amma Lauratu, in kin ji ƙarar babur goma sha bakwai a tare, gero ya yi kai dama da hagu, yara na ɗago mana hannu, sai ki ji kamar ke ce gwamna.

A Damaturu Manasse ya buɗe jaka zai ɗauko sifana, sai ga jan gwada ya faɗo masa a cinya. Ba sai na gaya miki wanda ya saka shi ba. Ƙaton mutum irin Manasse ya daka tsalle yana kiran matarsa, "Pindar! Pindar!" Oga kansa sai da ya cire gilashi ya share hawaye. Ya bi ni da famfon taya har bayan gidan mai, da ya gaji ya tsaya yana haki ya ce, "Yaron nan, Allah ya ba uwarka lada." Can kuma ya kira ni muka ci soyayyar gyaɗar da Pindar ta ƙulla masa. Mutumin nan fushinsa ba ya kai sallar gaba. Shi ya koya mini hawan babur tun ina dakon nama a ka daga Kasuwar Shanu, kuma har yau bai koyi hankali da ni ba. Na tanadar masa wata gobe, wadda ta fi ta ƙadangare armashi.

Na ga Ya'akubu mai Fijo a tasha zai koma gida, shi zan ba wannan. In kina da amsa ki ba shi, hanyar Bauchi ce sana'arsa.

Ki share mini ɗaki kafin in dawo, aikin bayi ne.

Ubangidanki,
Garzali

Bauchi, Asabar 28 ga Satumba

Daga ubangidanki Garzali zuwa ga baiwata Lauratu.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Goggo da maigida. Ni lafiya nake.

Ki ajiye almakashi ki karanta wannan da kyau. Manasse ya faɗi. Jiya tsakanin Kari da Darazo ya kauce wa rami ya zurma ƙarƙashin wata kwalbati, babur ya danne masa ƙafar dama. Ba a gan shi ba sai yau da hantsi, wasu Fulani masu kai nono kasuwa suka ji nishinsa suka tare mota. A can ya kwana cikin ruwan laka, ƙashi a waje. Yanzu muna asibiti a Bauchi. Ƙafar ta yi kamar turmi, har ta soma baƙi. Likita ya ce yanke ta za a yi daga gwiwa, kuma da sauri, in ba haka ba dafin zai hau jiki. Manasse ya ce ba mai taɓa shi sai Pindar ta zo ta gani da idonta ta yarda. Wai da ƙafa biyu ta aure shi, ba zai koma mata da ɗaya ba shawara. Oga ya yi, likita ya yi, ni ma na yi, ya juya fuska bango.

Sauran sun wuce Jos don ana jiransu, sai Laraba za su biyo ta nan. Ni na ce zan zauna. Ba mai ba shi abinci ko ya juya shi sai ni, shi ya sa ban kamo hanya da kaina ba. Oga ya bar mini aika saƙo gida tunda ni na san direbobi. Da Pindar zan rubuta wa kai tsaye, to ba ta karanta ajami, ni kuma kin san ko gaisawa ba ma yi da boko.

Don haka ke za ki je. Ki yi sammako ki hau motar Dikwa ki sauka a Dusuman, ki tambayi gidan Manasse bakanike, yana bayan cocin, akwai tsofaffin tayoyi a kan katanga. Ki ce ta bar komai ta taho a motar farko. Zan riƙa jiranta a tasha.

Kada ki tsaya ɗaurin ɗankwali na awa biyu yadda kika saba.

Ubangidanki,
Garzali

Hausari, Litinin 30 ga Satumba

Zuwa ga Garzali, bawan gidanmu da ya gudu a kan babur.

Wushe, sannu da hanya. Takardunka biyu sun same mu lafiya, ta biyun jiya da yamma. Inno ta ji sauƙin bayan, har ta daka mana fura. Maigida yana gaishe ka. Kogin Ngadda ya cika ya batse, yaran Gwange sun samu wurin wanka.

Bayan haka, sannu gwanin tsara zance. Na karanta ta biyun a tsaye, har na jawo mayafi. Sai Allah ya taimake ni na koma kan ta farkon, inda ka rubuta da hannunka cewa ka tanadar wa Manasse wata wadda ta fi ta ƙadangare. Ashe ita ce wannan. In je Dusuman in tayar da matar mutane da kuka, ta bar 'ya'yanta da gonarta, ta iso ta tarar da mijinta yana kurɓar shayi, ku kuma kuna tafa hannu. Ba da ni ba, gaɗa a maƙabarta.

Ka manta bara? Ka shigo da gudu ka ce an haihu a gidan Kawu na Gwange, tagwaye. Na bar ɗinkin amarya, na sayi sabulu da turmin atamfa, na tafi a ƙasa cikin rana. Na tarar akuya ce. Har yau in matan gidan suka gan ni sai su ce, Lauratu yaya tagwaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Kuma ka yi kuskure ɗaya, malam. Wai da ƙafa biyu ta aure shi. Wannan bakinka ne, ko a duhu na san shi. Na tambayi Ya'akubu, ya ce shi bai ma gan ka ba, a hannun ɗan kamasho ya karɓi takardar, kuma bai ji wani labarin haɗari ba.

Amma in gaya maka gaskiya, wannan wasa ya yi muni. Ba a yi wa mai lafiya fatan yanke ƙafa, baki shi ke yanka wuya. Ka yi istigfari, ka kuma bar bawan Allahn nan ya sha iskar Jos cikin kwanciyar hankali.

Ka taho mini da dankalin Turawa, Inno ta ce ita karas take so. In ka dawo hannu rabbana, ɗakin naka ka share da gemunka, in ya fito.

Uwar ɗakinka,
Lauratu

Bauchi, Talata 1 ga Oktoba

Lauratu 'yar goggona,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina ba abin da ya same shi.

Tun azahar nake tasha ina jiran motar Ya'akubu. Da ta tsaya na bi taga-taga ina neman Pindar. Sai ya miƙo mini takardarki. Ban ga laifinki ba. Shekara nawa ina gina wannan rami da hannuna.

Ga agogon Manasse na ba Ya'akubu, gilashin a fashe. Wannan karon na ja shi har bakin gadon ya gani da idonsa, ki tambaye shi. Na rantse da Allahn da ya halicce ni, na rantse da Alƙur'anin da muka karanta a zaure ɗaya ni da ke, ba wasa ba ne.

Gaskiya ne na tanadar masa wata, amma ba wannan ba ce. Bari in faɗa miki, don ba wanda na faɗa wa.

Ran Juma'a a Kari, yana durƙushe yana ɗaure wa wani sarƙa, na lallaɓa na kwance jan ƙyallen daga sandarsa na cusa a riga. Bai lura ba, abu ne a bayansa. Da muka fita gari na tsaya na karyo karan dawa na ɗaura masa ƙyallen na kafa a bayan babur ɗina. Nufina kawai in shiga Darazo da shi, Oga ya busa usur, Manasse ya iso ya tarar ba kowa, ya biyo mu yana zagi. Haka kuwa aka yi. Oga ya hango ja daga nesa ya busa, aka tashi. Na cire na ɓoye. Ina tafe ina dariya ni kaɗai har Bauchi. A lokacin yana ƙarƙashin kwalbati.

Da ma a nan ta tsaya. Da la'asar ta yi bai iso ba, Oga ya tara mu ya ce, "Na ga ƙyallensa a Darazo da idona, don haka tsakanin Darazo da nan yake." Aka koma nema. Mu goma sha shida, muna leƙa kowane rami, muna shiga gonaki, muna tambaya ƙauye-ƙauye, daga Bauchi zuwa Darazo, daga Darazo zuwa Bauchi, har gani ya gagara. Ina cikinsu, Lauratu. Ina ƙwala kiran sunansa a inda na san ba ya nan, ƙyallen yana cikin rigata yana taɓa mini fata. Sau uku na matsa kusa da Oga zan faɗa, sai in ga fuskarsa, in ce a raina bari dai, wataƙila mai ne ya ƙare masa, yanzu zai ɓullo a yi dariya. Inda muka juya a Darazo da inda yake kwance bai kai mil huɗu ba. Likita ya ce da a ranar aka kawo shi, wanki da ɗauri kawai za a yi.

Yau ake jerin gwano a Jos. Ni ina nan ina kore masa ƙuda da murfin kwano. Warin ƙafar ya sa na gadon kusa ya roƙi a matsar da shi. Baƙin ya wuce gwiwa. In zazzaɓi ya taso sai ya yi ta sambatu da yarensu, ba abin da nake ganewa sai sunan Pindar. In ya farfaɗo ya ce, "Ta taso?" In ce tana hanya. Kwana uku ke nan ina ce masa tana hanya. Ɗazu likita ya sake zuwa da takardar sa hannu, na durƙusa ina roƙonsa ya bari a yanke, ya ce, "Kai fa ka ce tana hanya. Gaggawar me ake?" Kin ga ƙaryar da na yi don in kwantar masa da hankali ita ma ta zama wuƙa. In kuma na ce ba ta taso ba, zai tambaye ni dalili.

Jiya ina ba shi koko a cokali ya kama hannuna ya ce, "Duk sun tafi biki, ɗan iskan cikinsu ne ya zauna." Ya yi dariya har ya yi tari. Na fita bayan ɗakin na yi amai. Ban sani ba ko ya lura ƙyallen ba ya kan sandarsa. Bai tambaya ba, ni ma ban iya kallon idonsa.

Na yi alwala zan yi sallah na kasa tuna abin da ke bayan Fatiha. Ni da Malam ke cewa kaina kamar soso.

Ki je, don Allah don Annabi. In kin ga dama kada ki ƙara yi mini magana har abada, amma ki je.

Garzali

Tashar Kano, Yerwa, Alhamis 3 ga Oktoba

Garzali,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna lafiya. A kan cinyata nake rubutu a tasha, Pindar ce za ta kawo maka da hannunta.

Ya'akubu ya iso jiya da magariba. Ya ɗora agogon a kan keken ɗinki. Gari na wayewa na hau motar Dikwa. Na tarar ta tafi gona cirar gyaɗa, sai da na bi ta can. Da ta ga agogon ta zauna a kan kunya. Ba ta yi kuka ba. Ta bar wa maƙwabciyarta yaran, ta wanke ƙafa, ta ɗauki zane ɗaya muka fito. Motocin safe sun wuce mu, wannan ta rana ce, direban ya ce a Potiskum za su kwana, gobe kafin a sauko Juma'a ku gan ta.

Ta tambaye ni yaushe saƙo ya zo. Na ce jiya. Ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi mini albarka da na yi sammako.

Maganar ƙyallen, ka rufe bakinka yanzu, ka bar ta ta ji da mijinta. Ta ce a yanke, ko duka biyun ne, a bar mata shi.

Lauratu

Bauchi, Asabar 5 ga Oktoba

Lauratu,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ba sai kin tambayi tawa ba.

Manasse ya rasu ran Alhamis da la'asar. Lokacin da kike rubutu a tasha yana da rai.

Su Oga sun iso Laraba da yamma, ɗauke da kofin da aka ba su na waɗanda suka fi kowa nisan tafiya. Sun shigo da shi za su nuna masa, warin ya tare su a ƙofa. Oga ya ɗaga zanen ya gani, ya ce ina Pindar. Na ce tana hanya. Ya ce tun Asabar? Na ce laifina ne, ban samu motar da zan ba saƙo da wuri ba. Ya durƙusa ya daɗe yana yi wa Manasse magana da yarensu har ya gyaɗa kai. Alhamis da safe aka yanke, daga cinya. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce dafin ya riga ya shiga jini. Bai ƙara gane kowa ba.

Pindar ta iso jiya ana kiran sallar Juma'a. Ni na tare ta a ƙofa. Ta miƙo mini takardarki tana cewa, "Yana ina? An yanke?" Oga ne ya faɗa mata.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙarfina. Masu jinya na ɗakin suka kewaye ta suna ba ta labari, yaron nan ne ya wanke shi, shi ya kwashe masa fo, kwana biyar bai bar gefensa ba, kuma ba ɗan'uwansa ba, ba addininsu ɗaya ba. Oga kuma ya zauna a gindin darbejiya ya cire usur daga wuya ya ajiye a ƙasa. Ya ce ya bar shugabanci, tunda idonsa ya fara ganin abin da babu, shi ya kashe Manasse. Dattijo mai furfura yana kuka a gaban mutane. Pindar kuma ta zo ta durƙusa a gabana, matar da ta girme ni, ta ce daga yau ni ƙaninta ne, jakar sifanunsa ma ni za ta ba.

Kin ce in rufe baki. Na rufe har yau da safe. Ana ɗora akwatin a motar da mutanen cocinsu na nan suka samo, za a kai shi ƙauyensu wajen Biu, babura za su raka. Pindar ta yafito ni ta ce in bar babur ɗina a ba wani, in shiga gaba kusa da ita. Sai kawai na ji bakina yana magana. Na faɗi duka, Kari, Darazo, neman da aka yi a inda ba ya nan. Sunanki ne kawai ban ambata ba.

Na zaci za ta mare ni, ko ta yi ihu a taru a kaina. Da na fi son haka. Ta kalle ni ta ce, "Kai yanzu ka sauke kayanka. Ni a kan wa zan sauke? Abu ɗaya mai kyau na samu a garin nan, shi ma ka karɓe." Ta shiga mota ta ja ƙofa.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwana takwas ka bar ni ina zargin idona." Sannan ya ce kada in bi su, kada kuma ya sake ganina a inda suke. Suka tashi su goma sha biyar a bayan motar. Na tsaya har na daina jin ƙararsu.

Ga ni a tasha, babur a jingine, tanki a cike. Ban san inda zan nufa ba. Yerwa ba ta shiguwa gare ni, daga Kasuwar Shanu har Kasuwar Litinin ba lungun da ba a san ni da shi ba. Na zaci in na faɗa zan iya haɗiye abinci. Tun jiya ruwa kawai nake sha. Ki ce wa Goggo ina lafiya, wani aiki ne ya tsayar da ni.

Garzali

Hausari, Laraba 16 ga Oktoba

Garzali ɗan kawuna,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya'akubu ya ce yana ganinka a tashar Bauchi kana taya masu faci aiki, ka rame, ba ka magana da kowa. Mu lafiya muke. Inno ta daina yarda da zancen aiki, don labari ya zaga gari tun da su Oga suka dawo. Wasu na cewa ƙaddara, wasu na faɗin abin da ba zan rubuta ba. Ta ce ka dawo, mai laifi ma a gida ake yi masa faɗa.

Na ga ka ɗauke laifina ka haɗa da naka. Ban ce na gode ba, don ban sani ba ko alheri ka yi mini. Da na tafi Litinin da safe, da Talata tana Bauchi, da an yanke tun dafin bai shiga jini ba. Kwana huɗu takardarka tana cikin aljihun keken ɗinki, ina taka shi ina jin daɗin amsar da na ba ka.

Pindar ta dawo daga Biu. Shekaranjiya ta zo har gida da 'ya'yanta biyu da baƙin yadi, in ɗinka musu kayan da za su sa ranar addu'a a cocinsu. Ta ce ba ta son hannun kowane tela sai nawa. Ta zauna a tabarmar Inno ta ce mata, a duk wannan abu mutum ɗaya ce ba ta ci amanarta ba, wadda ta yi sammako ta bi ta har gona. Ina gwada yarinyar na kuskure awo sau biyu, har Pindar ta tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Sau uku ina ɗinka rigarta ina farkewa. Ran Asabar za ta zo karɓa.

Ban gaya wa maigida ba, ban gaya wa Inno ba. Kai kaɗai ka sani, kai kaɗai kuma ka taɓa tsayawa a gabanta da irin wannan kaya. In na faɗa, na karɓe mata ɗan abin da ya rage. In na yi shiru, za ta ci gaba da shigowa gidan nan tana sa mini albarka har ranar da ɗayanmu zai mutu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, da za a mayar da kai bakin motar nan, za ka sake faɗa?

Ya'akubu zai juyo ran Juma'a. Ka ba shi amsa a hannunsa.

Lauratu